Yatsu Huɗu Daga Ƙasa

Motar Baba ja ce, kujera biyu,
rufinta tamfol, ana naɗe shi kamar tabarma.
Wani injiniya ya sayar masa da ita
shekarar da aka gama dam ɗin Bakolori,
ya bar makulli, ya bar takardu,
da wani siririn jak
da tsatsa ta fara ci tun ina goye.

Mutanen Mafara Kunkuru suke ce mata,
ba don nawa ba,
don cikinta na shafar ƙasa.

Ran da taya ta sace a hanyar Maradun
na buɗe but, na ɗauko gadon,
murɗa uku, haƙoransa suka zube a tafina.
Wani direban tifa ya tsaya, Allah ya saka masa,
ya sauko da nasa, ƙato kamar turmi,
ya gwada gaba, ya gwada baya,
babu ƙofar shiga.
Sai samari shida suka fito daga shinkafa, ƙafa duk laka,
suka ɗaga ta da bismilla,
ni ina cusa duwatsu,
ina ba ta haƙuri a ƙasan murya.

Asabar na shiga Gusau, rumfar Sahabi bakanike.
Ya jera mini uku a kan benci.
"Wanga kada ne, Kuluwa, ga taya, ga ƙarfi,
amma in ya shiga but, ina safaya za ta kwana?
Wanga mai kwalba, shi ka ɗaga lodin albasa,
sai dai in ya kishingiɗa ya zubar miki da mai."

Na ɗaga masa yatsu huɗu.
Da asuba na auna, ni na sace tayar da kaina,
na durƙusa a tsakar gida, zani duk ƙasa:
yatsu huɗu, ko babban bai shiga.

Ya yi dariya har ya yi tari,
ya turo na ukun, mai almakashi,
lafe kamar ƙadangare a gindin katanga.
Ya juya shi, ya nuna mini hatimin: tan ɗaya.
"Motarki ba ta kai ba, ko da ke a ciki."
Na ce ya rage. Ya ce albarka. Ya rage.
Gyara kuwa guntun katakon maɗaci ya ba ni,
don yashi ba ya riƙe amanar ƙarfe.
"Ki nemi ƙashinta, kada ki tokare fata.
Kuma ko sisin gwal ya faɗa ƙarƙashi,
kada kanki ya bi shi.
Jak ɗagawa ya sani, bai san rantsuwa ba."

A gida na shafe zarensa da giris,
na murɗa shi ƙasa har ya haɗe baki.
Na nemi tsumma, ban samu ba,
sai tsohuwar rigar aikin Baba,
shuɗiya, aljihun hagu a yage,
har yanzu da ɗan warin fetur da goro.
Na daɗe riƙe da ita.
Sannan na naɗe shi ciki, da marikinsa,
na ɗaure da robar tsohon tib
a lungun bayan safaya, nesa da inda ruwa ke ɗiga,
don jikinta siriri ne, gargada ɗaya
ƙarfe zai yi mata ƙulu daga ciki.

Duk damina biyu ban taɓa buƙatarsa ba.
Farkon wata nakan kwance shi,
in ɗaga, in sauke, in mayar.
Inna na kallo daga bakin madafa,
ta ce haka shi ma yake yi,
sai dai shi, in ya gama,
hannun mai yake goge mata a labule.