Kwana Huɗu a Gonar Ermelinda

'Yata Graciete ce ta biya kuɗin ɗakin.
Ta ce, "Baba, ka ji abin da likita ya faɗa, je ka huta."
Sai da muka wuce Évora ta furta sauran zancen:
gidan ba a cin nama.
Ba ƙwai, ba madara, ko zuma ba a lasa.
Ni, Belmiro, da na shekara talatin da huɗu
ina fawa a kasuwar Setúbal!
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Ermelinda ta tare mu a bakin shinge,
hannunta duk laka, sai gwiwar hannu ta miƙo.
Ta gabatar da mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya:
jaki mai ido guda,
tumaki bakwai da ba sa amsa sallama,
kaji da suka tsufa suka daina aiki,
sai Amora, jar saniya,
wadda ta tsinke igiya a hanyar mayanka
ta kwana uku cikin gonar inabi.

Na dube ta, idona ya riga ni.
Ya ja layi daga wuya zuwa ƙirji,
ya ware awaza, ya cire cinya,
ya ɗora a ma'auni, ya yanke farashi.
Sabo turken wawa.
Na cusa hannuwana a aljihu
kamar yaron da aka kama da sata.

Da dare aka kawo miyar wake da kabewa,
burodi mai kaurin ɓawo, man zaitun, tafarnuwa.
Na yi ta juya cokali
ina neman ƙashin da ba a sa ba.
Wasu ma'aurata daga Coimbra na ta santi.
Ni dai na ci. Na ƙara, don kada a ce.

Ban san shiru yana da nauyi ba
sai da ya kwanta a kaina kamar bargo.
Ba injin niƙa, ba ƙugin firji,
ba mai cewa a rage masa kitse.
Shamuwa biyu a kan turken lantarki
suna ƙwanƙwasa baki,
su kaɗai ke ciniki a garin nan.

Rana ta uku Ermelinda ta ba ni buroshi.
"Bayanta na ƙaiƙayi, ni kuma kafaɗata ta ƙi."
Na tsaya. Amora ta tsaya.
Na fara daga inda na saba farawa,
gefen wuya, inda jijiya take.
Tana bugawa.
Shekara talatin da huɗu ina taɓa wurin nan,
ban taɓa samunsa da ɗumi ba.
Ta sauke numfashi mai warin ciyawa,
ta jingina mini rabin nauyinta
har takalmina ya nutse a taɓo.
Ban matsa ba.

Ba zan ce na tuba ba.
Wuƙar nan ta biya kuɗin makarantar Graciete,
ta yi wa mahaifiyarta jinya har ƙarshe.
Amma da yamma, ƙarƙashin itacen ɓaure,
na yi barci a kujera baki buɗe,
na farka kaza na zaune a cikin hulata.

Da 'yata ta dawo ɗaukata
ta ce, "Yaya abincin?"
Na ce gishiri bai ji ba.
Ta yi murmushi, ta tayar da mota.
Har muka hau babban titi
ina sansana tafin hannuna a ɓoye,
jan gashi guda na maƙale a hannun rigata,
ban kakkaɓe ba.