Sawun da Ya Jiƙe

Ni ne ƙafafun nan.
In ka kalli fim ɗin, ka san ni daga idon sawu zuwa ƙasa.
Folarin ya gan ni a Obalende ina tura kurar ruwa,
bai dubi fuskata ba,
ya tsuguna yana kallon kaushi da fason dugadugaina,
ya ce, Haladu, waɗannan nake nema.

Dare goma sha ɗaya a wani kangon bene a Ebute Meta.
Aikina in tsoma ƙafa a bokiti,
in taka siminti a hankali, in laɓe bayan ƙofa.
Ba ƙaho, ba haƙori, ba jini.
Jiƙaƙƙen sawu ne yake hawa matakala,
ɗaya, biyu, har goma sha uku,
kuma babu wanda ya ga saukowarsa.

Sai Ikko ta ɗauka.
An ce wata mata a Yaba ta daina goge ɗaki bayan magariba.
Wani kwandasta ya rantse ya ga sawun a bayan motarsa.
Ni kaina, ranar da na kalla a Surulere,
na dawo Agege, na yi alwala a bakin ƙofa,
na waiwaya na ga abin da na bari a ƙasa,
gabana ya yanke ya faɗi.
Hansatu ta yi dariya har da riƙe ciki.

Jiya ya kira. Kashi na biyu.
Yanzu akwai kuɗi, in ji shi.
Sun sayo fuskar roba mai jajayen idanu na batir,
za a nuna daga ina abin ya fito,
wa ya jefa shi a ruwa, a wace shekara,
har sunan uwarsa an rubuta.

Na ce, Oga, ido wa ka raina?
Bai gane ba.
Na ce, wanda kake gani yau da gobe.
Kakata a Ɗambatta in ta ce ƙurunƙus
sai ta hure fitila.
Ba kashe dodon ta yi ba, bar mana shi ta yi,
kowa ya ƙarasa nasa a kan tabarma.
Nawa wuyan raƙumi gare shi,
na ƙanena ko kai ba shi da shi.
Da ta zana mana shi da gawayi da safe,
da mun ɗaura masa igiya mun ja shi kasuwa.

Ya ce masu kallo ne ke roƙo.
Na ce yaro ma yana roƙon wuƙa.
Ya ce dubu ɗari huɗu.

Na yi shiru.

Don na tuna Baba Oyebanji, mai gidan da muke haya.
Duk watan Janairu yake hawo matakalarmu,
fuska ɗaya, silifa ɗaya, tari ɗaya,
bana kashi na tara ke nan,
na san sunansa, na san na uwarsa,
amma in na ji takunsa har yau cikina ɗurar ruwa yake.
Ashe akwai tsoron da sabo ba ya ci.
Wannan ban faɗa wa Folarin ba.

Abin da na ce, a jefa fuskar robar a kwata.
In dole ne, a bar sawun ya sauko,
goma sha biyu kawai,
a bar musu ɗaya su kwana suna nema.
Ya ce zai yi tunani. Na ce ni ma, zuwa Juma'a.

Da dare Hansatu ta kawo man kaɗe
za ta shafa mini a dugadugai.
Na janye ƙafa.
Ta ce lafiya?
Na ce bari tukuna,
kar ki taɓa jari sai bayan Juma'a.