Allura a Wuyan Riga

Ran Talata Tanimu ya ce bari ya leƙa Sabon Gari
ya sayo zare ruwan toka.
Ya bar allura soke a wuyan rigar wani.
Yau wata goma sha bakwai.

'Yan sanda sun rubuta, suka ce a kawo kuɗin mai.
A Shika an yaye mana fuskoki, ɗaya bayan ɗaya.
Na yi hamdala da ba shi ciki,
kafin mu kai Kwangila
na rasa abin da na gode wa.

Hotonsa na jikin gada har yanzu,
damina ta cinye rabin fuskar,
mai maganin basir ya liƙa talla a kan lambarmu.

Inna ta daina saka sakata.
Lantana ba takaba, ba lalle,
liman ya ce shekara huɗu.
Maƙwabta sun rasa gaisuwa:
"ya haƙuri" ta yi nauyi,
"ina labari" ta yi kaifi,
sai su ɗaga hannu su wuce.

Jiya mai riga ya zo karɓar kayansa.
Na kai hannu zan zare allurar,
Inna ta riƙe ni.
"Bar masa," ta ce,
"kar ya rasa inda ya tsaya."