Dubu Uku da Ɗari Shida

A shagona na Gawon Nama, bayan Isha'i,
na dubi ram ɗina na ce:
dubu uku da ɗari biyu aka rubuta a goshinki,
amma na san da sauran gudu a ƙafarki.

Na shiga bayos na ɗaga lamba.
Ta tashi. Na aiki Modi sayen shayi.
Kafin ya dawo allo ya rine,
shuɗi kamar zanen da ya kwana a marina.

Na ƙara mata wuta, ɗan barbaɗen gishiri.
Minti arba'in ta yi, ta faɗi.
Na sassauta mata linzami, sha shida zuwa sha takwas,
ta ƙi ko motsi.
Na zare batirin nan mai kama da kwabo,
na ƙirga talatin,
ta manta duk abin da na koya mata.

Sanda ɗaya, lafiya lau.
Ɗayar ma haka.
In sun haɗu ne ba sa ga maciji.

Modi ya taɓa ƙarfen, ya fizge yatsa:
"Maigida, mi kaka biɗa?
Watan huɗu muke, a Sakkwato.
Ko jaki na neman inuwa."

Na cire murfi, na juya mata fankar shago,
ni na zauna ina jiƙa riga.
Gwaji ya yi zagaye bakwai ba kuskure.
Ana cikin na takwas aka kira assalatu,
aka ɗauke wuta.

Sauri ya haifi nawa, in ji Modi cikin hamma.
Na rubuta a bayan rasit: saura ɗaya.