Gayyar Sama

A shagon Tsahiru, bayan tashar Ɗan Isa,
inda matattun wayoyi ke jiran tashin ƙiyama,
akwai wata tsohuwar kwamfuta mai tari.
A cikinta muke tuƙa jirgi, ƙafarmu na ƙasa.

Manhajar ba ta da ubangida.
Ba a sayenta, ba a ɓoye hanjinta.
Wanda ya iya ya buɗe cikin ya gyara,
gonar gayya ce, zo da hauyarka,
kunya ɗaya ka ja, ba abin kunya ba ne.

Ran da muka fara neman garinmu a ciki
fili muka tarar, launin kunun tsamiya.
Ba Gulbi, ba Bagalam, ba hasumiya ko ɗaya,
wani baƙin layi kawai, an rubuta Maraɗi.
Barira ta ce, "Ashe haka sama ta san mu?"

Wata bakwai ke nan.
Na bi shingen filin jirgi ina ƙirga taku,
mai gadi na kallona, yana zaton na taɓu.
Barira, tsakanin jarrabawa biyu a jami'a,
ta ja Gulbi da hannunta, lanƙwasa bayan lanƙwasa,
ta dasa mangwaro a gaɓa.
Sau uku kuran ya ɗauke, sau uku ta sake dashe.

Muka aika, aka karɓa.
Sai ga shi duk jirgin da ya sauka
ya nutse har fiffike, kamar jaki a taɓo.
Kwana tara muna farautar lamba ɗaya.
Wani can, inda rana ke fitowa in mun kwanta,
ba mu san fuskarsa ba, wataƙila ma mace ce,
ya gano ta, ya gyara, ya bar mana gaisuwa
cikin harshen da sai da muka nemi tafinta.
Tsahiru ya dafa shayi, ya cika kofi na huɗu,
ya ajiye shi gaban allo.

Sai kuma Baba Nomau.
Shekara talatin yana rubuta iska a filin jirgi,
safe da maraice, a littafi mai shuɗin bango,
bai taɓa hawa abin da ya fi tsani tsawo ba.
Gyaran rediyo ya kawo shi. Ya leƙa, ya ja tsaki:
"Hadarinku ƙarya ne.
Wa ya ga ruwan Agusta ya taso daga yamma?
Daga gabas yake zuwa, ya fara aiko sanyi,
tsuntsaye su yi tsit, sannan ya buga."
Washegari ya zo da littafi sha ɗaya a buhun taki.
Gara ta cinye shekara biyu.
Muka kwafe sauran.

Jiya muka zaunar da shi a kujera,
sandar tuƙi a hannunsa, hannun tsohon babur ne.
Ya tashi. Bai ce uffan ba.
Ya wuce saman kasuwa, ya karkata kudu,
ya hango tafkin Madarunfa
kamar tasa da aka manta a rana.
Ya juyo yana neman rufin gidansa,
ba mu kai can ba tukuna.
Sai iskarsa ta taso daga gabas,
daidai yadda ya rubuta ta,
ta ci kwalarsa, ta jefa shi gonar rogo.
Ya yi dariya har hula ta faɗi:
"Ita ce! Wallahi na gane ta!"

Abin da ya rage yana rubuce a bayan kwalin sukari:
hanyar Tibiri ta yanke a tsakiya,
inuwar jirgi takan riga shi sauka,
shanun Barira suna kiwo ba ƙafa,
kuma daren damina ba kwaɗo ko guda.
Wanda ya ɗauki aiki ya sa sunansa a gefe.
Nomau ya karɓi biro, ya ƙara layi a ƙasa,
rufin kwano, ɗaki uku, da dalbejiya a ƙofa.
Ya ce kar kowa ya taɓa, shi zai koya.

Kuran ya dawo.
Barira, matso masa da kujera.