Zoben da Ya Tsage

Da sassafe Kachollom ta kawo shi a ƙunshe cikin takarda,
farin zoben roba daga bakin tankinsu na Vom,
inda irin bijimai ke barci cikin sanyin
da ƙanƙara ma za ta nemi bargo.
Ta ce, "Jiya lafiya lau. Yau ya dare kamar kasko."

Na ɓantari ɗan kaɗan, bai fi ƙwayar gero ba,
sikeli ya ce miligiram takwas da ɗigo huɗu.
Na rufe shi a 'yar tasar gorar ruwa,
na ce wa na'ura ta hau da zafi sannu,
digiri goma kowane minti,
dahuwar ganda, ba suyar ƙwai ba.

Abin da nake nema ido ba ya kai masa.
Cikin robar akwai zaruruwa dogaye.
Wasu sun jeru kamar kunyoyin dankali a Bokkos,
wasu sun cukurkuɗe kamar ragar masunci bayan ambaliya.
Jerarrun su ke riƙe ƙofa kada iska ta sulale.
Cukurkuɗaɗɗun ba wanda ke yabonsu,
amma su ke cewa, lanƙwasa, kada ka karye.

Layi ya miƙe a allo yana tafiyarsa,
a digiri ɗari biyu da sha ɗaya ya yi tozo, ya sauko.
Nan sahu ya narke.
Na auna tozon, na raba, na sake rabawa
don ban yarda da hannuna ba:
saba'in da ɗaya cikin ɗari.
Takardar masu sayarwa ta ce hamsin.

Tsari ya yi masa yawa, shi ke nan laifinsa.

Sai na tuna Baba Tanimu, malamin awo a kamfanin kuza,
wanda takalmansa ma a layi suke kwana.
Ranar da aka binne Inna bai zubar da ko ɗigo ba,
ya tashi ya gyara wa masu gaisuwa tabarmi.
Wata huɗu bayan nan, yana ɗaura agogo,
hannunsa ya ƙi.

Kachollom ta leƙo, "Me zan gaya wa oga?"
Na ce, a sauya zoben,
a nemo wanda aka sanyaya da gaggawa,
wanda bai samu lokacin shirya kansa duka ba.
Ta rubuta a tafin hannu, ta fita neman motar Bukuru.
Ruwa ya tsinke. Na bar kofin shayina
a inda ba wurinsa ba.