Kurangar Baba Sallau

A gidanmu na Dandago, bayan rijiya,
akwai kurangar inabi guda ɗaya.
Baba Sallau ya shigo da ita cikin safa,
reshe kamar ɗan yatsa, ba ganye, ba saiwa.
Ma'aikacin filin jirgi ya juya shi, ya ce asuwaki ne,
ya miƙa masa abinsa.

Shekara tara ya yi a ƙasar da ba ya kiran sunanta,
sai dai ya ce "can".
Can, in ji shi, tuddai ne aka yi wa kitso da kuranga,
kogi na bin gindinsu a hankali,
rana kuwa leƙowa take kamar wadda ake bi bashi.
Da asuba suke tsinka, yatsu a ƙage,
almakashi a dama, kwando a baya,
numfashi na fita fari kamar hayaƙin murhu.
Masu gonar su matse, su ɗura a gangunan katako,
su saukar ƙarƙashin ƙasa, su rufe ƙofa,
su jira shekaru kamar masu jiran gado.

"Ka sha?" mu tambaye shi, muna zungurar juna.
"A'uzubillahi. Ni tsinka na yi.
Amma na ga tsohon mai gonar ya cusa hanci a kofi,
kamar Hajiya Dela na gwajin humra,
ya ce yana jin ruwan saman bara a ciki."
Kuɗin da ya gina soron nan fa?
Malamai uku ya tambaya, amsa uku suka ba shi.
Ya ɗauki mafi nauyi, ya haƙa wa unguwa rijiya,
bai ƙara tada zancen ba.

Kurangar ta kama, ta haye katanga,
ta leƙa gidan Ɗanjummai tela.
Ciwonta ɗaya: ba ta barci.
Can sanyi ke kwantar da ita wata huɗu,
ta farka da zaƙi a jijiya.
Nan wa ke barci?
Ba Kwari ba, ba Kurmi ba, ba janareton maƙwabci ba.
Sai Baba ya tsige mata ganye da hannunsa,
ya hana ta ruwa,
ya sayo ƙanƙara daga Ƙofar Wambai a buhu,
ya jera mata a gindi, yana lallashi.
Inna Kande ta riƙe haɓa:
"Ƙanƙarar da zoɓona ke nema, ita ake ba itace!"

Nono bakwai ta yi a shekarar da ta fi kirki.
Jemagu suka ci uku.
Sauran ƙanana, ba su kai ɗinya ba,
tsami kamar an haɗa su dangi da tsamiya.
Na ce, "Baba, a 'Yan Lemo akwai manya cikin roba."
Ya ce, "Waɗancan ruwa ne da sukari.
Wannan ta san inda ta fito,
ta kuma san ba za ta koma ba."

Ya rasu a Rajab, ranar Laraba.
Ba wanda ya tuna da ƙanƙara,
ba wanda ya tsige ganye.
Ita da kanta ta zubar, ɗaya bayan ɗaya,
ta tsaya tsirara a jikin katanga
har aka yi sadakar arba'in.
Inna ta ce a sare, ta mutu.
Na ce a bari sai Juma'a.

Yau da asuba na ɗauko almakashinsa,
wanda tsatsa ta ci wa baki ɗaya.
Na tsinki ƙwaya, na sa a baki.
Tsamin na nan, ya fara isowa, ya matse min ido.
Na tsaya.
Can baya, kusa da maƙogwaro,
wani ɗan zaƙi ya iso a makare,
kamar baƙon da ya yi ta tambayar gida.

Inna na ƙofar madafi, ba ta ce komai ba.
Ta miƙo hannu.